Makonnin da Na Zauna da Lauya Barau

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

An ɗage laccar. Sakataren ƙungiyar matasan Zangon Agege ne ya zo da kansa ya gaya mini. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, yana ta juya makullin babur a yatsa. Wai zauren da za a yi taron yoyo yake. Na ce masa ba komai, Allah ya kai mu rani. Ni na koyar da yaron nan tarihi a sakandare, na san yadda idonsa ke yi idan yana faɗin abin da aka aiko shi da shi.

Tun da na ajiye alli nake bin sawun Lauya Barau. Wannan laccar ce za ta zama karon farko da zan tsaya gaban mutanen Agege in ce musu: kun san an yi wani ɗan'uwanku da ya yi lauya a Ikko, har ya zauna a majalisar dokoki, tun kafin a shimfiɗa layin dogon nan? Har a gaban madubi na yi ta maimaita wannan tambayar kamar sabon malami. To, ga ta nan na rubuta.

Matata Hajiya Kalsum tana Ikorodu wurin ƙanwarta Baiwa. Ta ce ciwon ƙafar Baiwa ne ya tashi. Da babbar jaka ta tafi.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Bari in jera abin da na sani, ko kaina ya sami abin yi.

A takardun Turawa sunansa Nathaniel Barrow. Da na fara cin karo da sunan a wata tsohuwar jarida, a ɗakin karatu a Yaba, na ɗauka Bature ne. Sai na ga mai rubutun yana yi masa ba'a da zanen da ke kumatunsa. Ashe Barau ne, bakin 'yan mishan ya mayar da shi Barrow.

A wani ƙauye na ƙasar Zazzau aka haife shi, shi ma bai riƙe sunan ƙauyen ba. Yana ɗan shekara tara ko kusa da haka mahara suka ɗauke shi. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, ta ƙasar Nupe, har bakin teku a Badagry. Aka sa shi a jirgin bayi. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a kan ruwa, ya sauke su a Saliyo. A can aka yi masa baftisma, aka sa shi makaranta, ya fito ya zama akawun kotu. Shekara da shekaru yana kwafe shari'un wasu da hannu, har ya haddace doka kamar yadda ake haddace allo. Da Turawa suka karɓe Ikko ya biyo ayarin Saro, wato 'yantattun bayin da suke dawowa daga Saliyo. Lauyoyi sun yi ƙaranci a lokacin, sai aka ba shi izinin tsayawa gaban alƙali.

Na dafa shayi kofi biyu saboda sabo. Na shanye duka.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan Magariba

A masallaci na tsaya a inda na saba, gefen taga. Alhaji Mahbub ya shigo, ya hango ni, ya zarce can ƙarshen sahu. Mutumin da muka taso tare, muna satar rake a tasha ana bin mu da gudu. Da aka sallame, wanda ke damana ya ba ni yatsu uku.

Zan rubuta maganar sau ɗaya, ba zan ƙara ba. A watan jiya wani direban Keke Napep mai suna Jethro, ɗan Kudancin Kaduna, ya mutu a bakin layin dogo da safe, bayan wani ya yi ihun ɓarawo. Ba na wurin. Da an so a bar maganar ta bi ruwa, amma lauyar uwar mamacin ta yi ta sintiri ofis zuwa ofis har aka kama mutum huɗu. Ɗaya daga ciki Nazir ne, ɗan Mahbub. Lauyar kuwa 'yata ce, Kausar.

Shi ke nan. Na rubuta.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan La'asar

Dattawa sun zo bayan an sauko daga masallaci. Mahbub ba ya ciki. Na shimfiɗa musu darduma, na kawo ruwa, babu wanda ya taɓa.

Babban cikinsu ya ce, "Malam Harisu, ba faɗa ya kawo mu ba. 'Yarka ce. In ka ce ta zare hannu za ta zare."

Na ce, "Alhaji, yarinyar ta girma. Aikinta ne."

"Aiki ya fi uba? Ka saurare ni. A nan aka binne kakanka, a nan aka binne nawa, amma har gobe baƙi ake kiran mu a garin nan. In jarida ta buga cewa Hausawan Agege sun kashe mutum, ba Nazir kaɗai za a tuhuma ba. Mai goro da mai shanu da mai dako, kowa sai ya ji a jikinsa. Ranar da aka taso mana, wa zai tsaya mana? Ita?"

Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Na ga irin wannan ranar da idona, na san yadda ake rufe shago da rana tsaka.

Akwai abin da na so in ce game da shi wanda ya mutu. Na ji an ce da Hausa ya yi ta roƙonsu. Ban ce ba. Na ce zan yi mata magana.

Asabar, 12 ga Oktoba, da rana

Na kira ta. Ba zan rubuta abin da na ce ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da yamma

Ruwa tun safe. Kwata ta cika ta shigo zaure. Ba ta kira ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da hantsi

Barau.

Abin da ya fara jawo hankalina gare shi wani ɗan labari ne a jaridar da ba ta son sa. A lokacin bayi suna gudowa daga cikin ƙasa su faɗo Ikko, don an ce duk wanda ya taka ƙasar ya 'yantu. Da yawansu Hausawa ne. Iyayen gijinsu sukan biyo su, su ƙulla musu sharrin sata don a mayar musu da su. Barau ne yake tsaya musu. Mai jaridar ya ce ranar nan aka kawo wasu ƙarti majiya ƙarfi gaban alƙali, Lauya Barrow ya juya ya yi musu magana da harshensu, sai ga su suna dariya a cikin akwatin masu laifi, har alƙali ya buga tebur.

Na daɗe ina tunanin abin da ya ba su dariya. Sai wata rana ina cikin danfo, motar hayar Ikko, a Oshodi abin ya faɗo mini. Hausarsa ta tsaya ne a ranar da aka sace shi. Ga dattijo cikin baƙar kwat, da furfura, da Turancin da Bature ke jin kunyar nasa, amma in ya buɗe baki da Hausa sai ka ji yaro ɗan shekara tara. Bai san kalmar shaida ba, bai san ta hukunci ba. Wataƙila abin da ya ce musu bai wuce "Kar ku yi kuka, ba za a doke ku ba."

Ya ci wannan shari'ar. Ya ci irinta da dama.

Ba ta kira ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan Azahar

Na fita sayen burodi muka yi kiciɓis da Mahbub a lungun masu ɗinki, inda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkata. Ya rame. Rigarsa ta yi masa yawa a wuya.

Na yi masa sallama. Ya amsa, don ba shi da yadda zai yi. Na ɗauka zai wuce, sai ya tsaya.

Ya ce, "Jiya na kai wa Nazir abinci."

Na ce, "Yaya yake?"

"Ya ce in gaishe da Baba Harisu. Ya ce yaya ciwon bayanka."

Na rasa inda zan sa idona.

Ya ce, "Kai ka riƙe mini ƙafar ragon sunansa, Harisu. Ka tuna? Ragon ya kusa karya maka tabarau." Ya yi kamar zai yi dariya, bai yi ba. "Ban ce ɗana waliyyi ne ba. Ban san abin da ya yi ba, wallahi ban sani ba, na tambaye shi ya sunkuyar da kai. Amma a ce 'yar da na goya a kafaɗa ita ce..."

Bai ƙarasa ba. Ya karkata, na wuce. Na dawo gida ba burodin.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Na je Juma'a a Ikeja, inda ba wanda ya san ni. Huɗubar da Yarbanci aka yi. Na ji daɗin zama a tsakiyar baƙi, abin da ban taɓa zaton zan rubuta ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, da safe

Babin majalisa nake. Shi ne wanda na yi niyyar taƙaitawa a laccar.

Da ya manyanta gwamna ya naɗa shi a majalisar dokoki. Kujera ce ta je-ka-na-yi-ka: Turawa ne masu rinjaye, baƙar fata ɗaya ko biyu ake sawa don a ce an ji ta bakin 'yan ƙasa. Sauran Saro ba su yi murna ba. Su 'ya'yan 'yantattu ne, fuskarsu sumul, shi kuwa da kansa aka ɗaure, kuma shaidar tana kumatunsa. Ana gayyatarsa liyafa, a zaunar da shi kusa da ƙofa.

Ya kawo ƙudurin a daina yi wa fursunoni bulala a bainar jama'a. Shi kaɗai ya ɗaga hannu. Shekara ta zagayo ya sake kawowa, shi kaɗai ya sake ɗagawa. Wannan ɓangaren na so in karanta wa matasa da babbar murya.

Ga wanda ban so ba. Gobara ta addabi Ikko, in ta tashi sai ta lashe unguwa guda. Aka kawo dokar a sauke rufin ciyawa a cikin gari, mai hali ya sa kwano, marar hali ya tashi. Talakawan unguwar Hausawa, waɗannan dai da ya fitar daga akwatin masu laifi, kusan duk ciyawa ce a kansu. Suka taru suka je gidansa. Ya roƙi majalisa a ba su lokaci, aka ƙi. Da aka zo ƙuri'a ya goyi bayan dokar. Ya ce ya taɓa shiga unguwa bayan gobara, ya ga abin da aka kwaso daga ɗakin yara, kuma ba zai iya cewa a'a ba.

Aka rushe musu bukkoki da damina. Daga ranar babu Bahaushen da ya sake taka ofishinsa. In ya biyo ta kasuwa sai masu goro su juya baya.

Daidai ya yi? Na rantse ban sani ba. Yaran da ba su ƙone ba ba a san sunayensu ba. Waɗanda aka bari a ruwa kuwa kowa ya gan su.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan La'asar

Hajiya ta kira. Na tambayi ƙafar Baiwa, ta ce da sauƙi, a gajarce, kamar ta manta da wace ƙafa ake magana.

Ta ce, "Malam, me ka ce wa yarinyar nan?"

Na ce, "Ta gaya miki?"

"Da ta gaya mini zan tambaye ka? Ta zo nan ranar Lahadi, ta zauna, ta kasa cin abinci. Na ce ya Babanki, ta ce yana lafiya, ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe."

Ta ci gaba da magana.

"Ni ba ita na guda ba, kuma ba kai ba. Bakin matan unguwa na guda. An yi suna a maƙwabta, na shiga da kwanona, aka bar ni tsaye kamar mai talla. Amma kai uba ne, Malam. Ni na yi tsammanin ko duniya ta juya mata baya za ta sami ƙofa ɗaya a buɗe."

Na ce yaushe za ta dawo. Ta ce in an kwana biyu.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ba abin rubutawa. Na share tsakar gida. Ba ta kira ba, ni ma ban kira ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, da rana

Wani mai kula da tsohon coci a Olowogbowo, wanda na bar wa lambata tun bara, ya kira. Ya ce akwai wata tsohuwa, Madam Dickson, jinin Barrow ce ta wajen uwa, ta yarda in zo ranar Laraba. Har na miƙe in je in gaya wa wani. Na tsaya a zaure da takalmi a hannu, na rasa wa.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan Magariba

Yau doguwa ce.

Tun safe na kama hanya, danfo zuwa Oshodi, wata zuwa cikin Ikko. Gidan tsohon bene ne na katako, ya jingina da maƙwabcinsa kamar mai jin barci, shagunan waya sun kewaye shi. Madam Dickson ta haura tamanin, ƙarama ce, idonta ɗaya ya yi fari. Da Yarbanci muka yi hira. Ta ce Yarbancina ya fi na jikokinta, na ce a Agege aka yanke mini cibiya.

Hoto ba ta da shi, takarda ba ta da ita, gara ta cinye tun tuni. Na tambaye ta batun majalisa, ta ce ita ba ta san wannan ba, ta dai san an ce babban mutum ne kuma ba ya dariya. Na fara tattara jakata.

Sai ta ce, "Kai Bahaushe ne ko? Tsaya in tambaye ka wani abu. Mene ne ansigodasu?"

Na ce ta maimaita.

"Ansigodasu. A gidan nan in yaro ya ƙi barci haka ake ce masa, a shafa bayansa. Uwata ta yi mini, na yi wa nawa. An ba ni labarinsa, amma ban taɓa samun wanda zan tambaya ko daidai muke faɗa ba."

Ga labarin, yadda kakarta ta ba ta, ita kuwa kakar tata jikar Barau ce, tana yarinya a gidan lokacin. A shekararsa ta ƙarshe kansa ya rikice. Turanci ya gudu, Yarbanci ya gudu. Ya koma wani harshe da ba mai ji a gidan, ko matarsa. Kullum da yamma sai ya tashi zaune a gado yana maimaita magana ɗaya, yana kuka, yana neman fita. Suka gane harshen su ne na can, suka aika unguwar Hausawa a taimaka da mai fassara. Aka ce ba mai zuwa. Suka sake aikawa, aka ce a je a tambayi majalisa.

Rannan wata mai tallar fura tana wucewa ta ji shi ta taga. Ta sauke ƙwaryarta ta shigo ba wanda ya kira ta. Ta saurara, sai ta zauna a bakin gadon ta ce masa wannan kalmar. Nan take ya kwanta ya yi barci. Suka tambaye ta me yake cewa. Ta ce tambaya yake ko an shigo da awaki, hadari ya taso, innarsa za ta yi faɗa.

Na ce, "An shigo da su. Haka ake faɗa. An shigo da su."

Ta maimaita a hankali, tana raba kalmomin, ta yi dariya da bakinta ba haƙori. Ta ce matar ta riƙa biyowa kullum da yamma har ya rasu, ta leƙo ta faɗa masa ta wuce. Ba wanda ya riƙe sunanta. Ko tana cikin waɗanda aka rushe wa ɗaki, Madam ba ta sani ba.

Na ce zan shiga banɗaki. Na daɗe.

A hanyar dawowa cunkoso ya riƙe mu a kan gada. Ina ta kallon ruwa. Shekara da shekaru mutum yana tsaye gaban alƙalai da gwamnoni, ashe bai bar bakin garken ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da safe

Na ɗauki waya na ajiye. Abin da na faɗa wa Kausar ba a waya ake kwashe shi ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na koma masallacinmu, gefen taga. An yi sanarwa cewa ranar Talata za a shiga kotu a Ikeja, ana so jama'a su fito a nuna wa yaran ba a yar da su ba. An tanadi motoci. Mai sanarwar bai dube ni ba, sauran jama'a ne suka dube ni a madadinsa.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

An kawo wuta. Na goge farin kaftanina da hular da Kausar ta sayo mini da albashinta na farko. Ban gaya wa Hajiya ba. Ban san me zan yi in na je ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ban bi motocinsu ba, danfo na shiga.

Ɗakin kotun ƙarami ne, fanka ɗaya ke aiki. Mutanenmu sun cika ɓangaren hagu har wasu na tsaye, manyan riguna, carbi a hannu. Mahbub yana gaba. A dama benci kusan fayau, sai wata mata mai ɗaurin ɗankwali baƙi, ta rungume jaka a cinya. Ban taɓa ganinta ba amma na san ko wace ce.

Na tsaya a bakin ƙofa har ɗan sanda ya ce, "Baba, ka zauna ko ka fita." Wani daga hagu ya matsa ya buɗa mini wuri. Na gan shi sarai, kuma Allah ya sani ƙafata ta so zuwa can.

Na je dama na zauna.

Matar ta dube ni, ta dubi hulata. Ta ce da irin Hausarsu, "Baba, ko ka ɓata ne? Mutanenku suna can."

Na ce, "Na gan su. Ke ce mahaifiyar Jethro?"

"Ni ce. Janet."

"Allah ya ba ki haƙuri. Ni ne mahaifin lauyarki."

Ta juyo gaba ɗaya. "Kai ne? Ai ta ce mini ba ka da lafiya, shi ya sa ba ka fita. Sannu, Baba. Jikin da sauƙi?"

Na ce da sauƙi.

Ta ce Jethro ne babban ɗanta. Ta ce tun yana ƙarami in ya tsorata sai ya kama in'ina, ba ya iya fitar da magana, ita abin da ke hana ta barci ke nan, ko ya so ya yi musu bayani ya kasa. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe jakar ta rufe.

Aka shigo da su huɗun. Nazir ya yi baƙi, an aske masa kai. Ya bi ɗakin da ido, ya ga ubansa, sannan ya gan ni, ya ga inda nake zaune. Ya ɗan sunkuyar da kai yadda yake gaishe ni tun yana yaro. Na amsa masa. Janet ta gani. Mahbub bai waiwayo ba ko sau ɗaya, amma na ga ƙeyarsa ta san ina nan.

Kausar tana gaba cikin baƙar riga da hular lauyoyi a kan ɗankwalinta. Lauyan gwamnati ne mai magana, ita ta miƙe sau ɗaya kawai ta faɗi sunanta da wanda take wakilta. Sunana ne a ƙarshen nata, ta faɗe shi da ƙarfi, muryarta ba ta yi rawa ba. Ban taɓa ganinta a bakin aiki ba sai yau. Ba a yi wani abin kirki ba, aka ɗage zuwa bayan sabuwar shekara.

A waje na tsaya gindin wata bishiya. Motocin Zango suka cika suka tafi, ba wanda ya ce in zo. Kausar ta raka Janet ta sa ta a mota, sannan ta tako.

"Baba."

"Na'am."

"Wa ya kawo ka?"

"Danfo."

Ta tsaya tana kallon takalmina. Na ce, "Kausar, maganar da na yi miki ranar nan..."

Ta ce, "Na ji ta, Baba. Ta riga ta shiga, ba za ta fita yau ba." Ta goge ido da bayan hannu, ta yi tsaki don kwalli ya ɓata mata farin wuyan riga. "Kuma ba zan zare hannu ba."

Na ce, "Ban zo don ki zare ba."

Ta ciro makullin motarta. Sannan ta ce, "Oya, shiga mota. Rana ta yi zafi."

Ba mu yi hira a hanya ba. Da muka iso bakin layinmu ta rage gudu ta gangara gefe, ta ce a nan za ta sauke ni, kada ta ƙara mini wata. Na ce ta kai ni ƙofar gida. Ta dube ni. Na ce ƙofar gida.

Majalisar ƙofar teloli ta cika, waɗanda suka dawo daga kotu suna ba waɗanda ba su je ba labari. Motar na tsayawa aka yi tsit. Ta fito, ta zagayo, ta rusuna kamar yadda aka koya mata, ta ce, "Sannunku da hutawa, iyayena."

Babu wanda ya amsa. Wani ya duƙa yana gyara takalmi. Keken ɗinki ma ya tsaya.

Sai na amsa mata ni, da muryar da nake yi wa 'yan bayan aji: "Yauwa, sannu 'yata. Sannu da aiki. Shigo."

Muka shige. Yanzu haka tana kicin tana mita, wai wa ya ƙone wa uwarta tukwane haka.